Muhawara: Da me za a auna rayuwar gida kafin a ce aikin raya ƙasa ya yi tasiri?

Jami'in Sa Ido:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya shafi duk mai aikin raya karkara. Idan shiri ya raba wa gidaje jari ko dabbobi ko iri, ya kuma koyar da sana'a, masu ba da kuɗi sukan nemi a kawo musu adadi ɗaya tak a ƙarshen aiki, wato nawa kuɗin shigar gida ya ƙaru tsakanin binciken farko da na ƙarshe. Abin da ke damuna shi ne mafi yawan gidajen da ake yi wa irin wannan aiki ba su da albashi, ba sa rubuta ciniki, kuma abin da suke rayuwa a kai ya haɗa da noma da kiwo da ƙodago da ƙaramin kasuwanci da abin da ɗan'uwa ya aiko daga nesa. Tambayata biyu ce. Shin kuɗin shiga ya isa ya zama ma'auni? Idan kuma an ga ya ƙaru, ta yaya za a tabbatar cewa shirin ne ya ƙara shi?

Malamin Ƙididdiga:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan fara da tambayarka ta farko, kuma amsata ita ce bai isa ba. Manomi ba ya samun kuɗi wata-wata, yana samu ne a dunƙule bayan girbi, sannan ya yi watanni yana ci daga rumbu, saboda haka idan ka tambaye shi abin da ya samu a watan jiya, amsar za ta dogara ne kacokan a kan watan da ka zo. Ga kuma abin da gida ya noma ya ci da kansa, wanda bai taɓa shiga kasuwa ba balle a san kuɗinsa. Mai ƙaramar sana'a kuwa sau da yawa ba ya raba uwar kuɗi da riba. A kan haka ne Bankin Duniya, wanda ya fara shirinsa na binciken matsayin rayuwar gidaje a 1980, da akasarin hukumomin ƙididdiga na ƙasashe masu tasowa, suka fi dogara da abin da gida ya ci ya kuma kashe, domin mutane sukan yi ƙoƙarin daidaita cinsu a tsawon shekara ko da samunsu yana hawa yana sauka.

Sai dai kada ka ɗauka wannan ma'aunin ba shi da tasa matsalar. A Tanzaniya an yi wani gwaji tsakanin 2007 da 2008, inda aka raba gidaje kimanin 4,000 ta hanyar ƙuri'a, aka yi wa kowane kashi tambaya da irin takarda daban har iri takwas. Wasu an ce su tuno abin da suka ci a kwana bakwai, wasu a kwana goma sha huɗu, wasu an ba su jerin kayayyaki mai tsawo, wasu gajere, wasu kuma an ba su littafi su riƙa rubutawa kullum. Mutanen iri ɗaya ne, lokacin ɗaya ne, amma yawan talaucin da aka lissafo ya bambanta ƙwarai daga wannan takarda zuwa waccan. Darasin da ke ciki a gare ka shi ne, idan ka sauya takardar tambayoyi tsakanin binciken farko da na ƙarshe, ko da niyyarka gyara ce, to kana iya ƙirƙiro ci gaban da bai faru ba, ko ka ɓoye wanda ya faru.

Ma'aikaciyar Karkara:
Malam, Allah Ya ƙara sani. Na yarda da duk abin da ka faɗa, amma ina ganin ci da kashewa ma ba su nuna hanyar rayuwa gaba ɗayanta. A ɗauki gidaje biyu da suka ci abinci daidai wa daida a mako guda. Na farko ya ci ne daga ribar sana'arsa, na biyu kuwa ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ko ya jinginar da gonarsa kafin ya ci. A takardarka gidajen nan biyu matsayinsu ɗaya, alhali na biyun ya riga ya cinye gobensa. Hausawa sun ce tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba, kuma haka lamarin yake ga gidan da ya rabu da kadarar da ke kawo masa abinci.

Robert Chambers da Gordon Conway, a rubutunsu na 1992, sun bayyana cewa hanyar rayuwa ta ƙunshi iyawar mutane da kadarorinsu da ayyukan da suke yi don samun abin rufin asiri, kuma ba za a kira ta mai ɗorewa ba sai idan tana iya jure wa masifa ta kuma farfaɗo bayanta. Daga wannan tunani ne hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya ta fitar da tsarinta a ƙarshen shekarun 1990, wanda ya kasa dukiyar gida kashi biyar: lafiya da ilimi da ƙarfin aiki na mutanen gidan, sai dangantaka da jama'ar da za su taimake su, sai albarkatun ƙasa irin su gona da ruwa da makiyaya, sai kayan aiki da muhalli, sannan kuɗi da ajiya da damar samun rance. Shirin da ya ƙara wa gida kuɗi amma ya cire yara daga makaranta don su kula da dabbobin da aka raba, ya ƙara kashi ɗaya ne ya rage wani, kuma duk wanda ya auna kuɗi kaɗai ba zai taɓa ganin wannan ragin ba.

Jami'in Sa Ido:
Hajiya, wannan bayani ya shige ni sosai. Amma ta yaya ake mayar da kashi biyar ɗin nan su zama tambayoyin da mai tattara bayanai zai iya yi cikin sa'a guda, ba tare da ya gajiyar da mai gida ba?

Ma'aikaciyar Karkara:
Ba sai an tambayi komai ba, ƙanena, ana zaɓen abin da shirin ya ce zai sauya ne. Akwai gajerun ma'aunai da aka daɗe ana aiki da su. Hukumar Samar da Abinci ta Duniya tana da makin cin abinci, wanda ke tambayar kwana nawa cikin bakwai gida ya ci daga kowane rukuni cikin rukunai takwas. Ana ba nama da kifi maki 4, madara 4, dangin wake 3, hatsi da saiwoyi 2, ganye 1, 'ya'yan itatuwa 1, mai da sukari kuma rabi-rabi, sai a ninka da yawan kwanakin a tara. Wanda bai haura 21 ba yana cikin mummunan hali, daga nan zuwa 35 yana kan gaɓa, abin da ya haura haka kuma ana ɗaukarsa a matsayin mai dama-dama. Akwai kuma ma'aunin dabarun jurewa mai tambayoyi biyar: ko gida ya koma cin abinci mai araha da ba ya so, ko ya ranto abinci, ko ya rage yawan abin da ake zubawa, ko manya sun haƙura don yara su ci, ko an rage yawan lokutan ci a yini.

Amma abin da na fi amincewa da shi shi ne nazarin tattalin arzikin gida, wanda ƙungiyar Save the Children ta Birtaniya ta bunƙasa a shekarun 1990. A wannan hanya ana fara raba yanki gwargwadon yadda mutanensa ke neman abinci, sannan mutanen wurin da kansu su kasa gidaje zuwa matalauta tilis da matalauta da masu matsakaicin hali da masu wadata, bisa alamomin da su suka sani. Daga nan sai a zauna da wakilan kowane kashi a lissafa shekara guda cur, daga ina abinci ya zo, daga ina kuɗi ya zo, a kan me aka kashe shi. Kyawunta shi ne tana binciken kanta da kanta: idan abincin da aka lissafa bai kusanci kalori 2,100 ga mutum a rana ba, alhali mutanen suna raye suna aiki, to akwai wata hanyar samu da ba a ambata ba, sai a sake zama a nemo ta. Takardar tambayoyi ba ta da wannan dama, abin da aka faɗa mata shi take ɗauka.

Malamin Ƙididdiga:
Hajiya, ba na musun amfanin wannan hanya, musamman wajen hasashen abin da zai sami gida idan damina ta gaza ko farashi ya tashi. Sai dai ba ta amsa tambayar ƙanenmu ta biyu, kuma a nan ne rahotanni da dama ke faɗuwa. A ce an auna komai daidai, an ga gidaje sun fi wadata bayan shekara uku. Me ya hana a ce ruwan sama ne ya yi kyau, ko an gina hanya, ko farashin amfanin gona ya tashi? Tasirin shiri shi ne bambanci tsakanin halin da gida yake ciki yanzu da halin da zai kasance ciki da ba a yi shirin ba, kuma wannan hali na biyun ba wanda zai gan shi sai ta hanyar wasu gidajen da suka yi kama da waɗannan amma ba su shiga shirin ba.

Misali sananne shi ne shirin Ƙauyukan Ƙarni da aka fara a wasu ƙasashen Afirka a tsakiyar shekarun 2000. Rahotanninsa na farko sun nuna, cikin wasu abubuwa, ƙaruwar mallakar wayar hannu a ƙauyukan shirin, amma da Michael Clemens da Gabriel Demombynes suka duba alƙaluman ƙasashen a 2010, sai suka nuna cewa mallakar waya tana ƙaruwa a sauran karkarar da shirin bai je ba. A ɗaya ɓangaren kuma ga shirin Progresa na Meksiko da aka fara a 1997, inda cikin ƙauyuka 506 aka zaɓi 320 da ƙuri'a suka fara karɓar tallafi, sauran 186 suka jira zuwa wani lokaci. Saboda wannan tsari ne aka iya faɗa da ƙarfin gwiwa cewa tallafin ya ƙara zuwan yara makaranta, har ƙasashe da yawa suka kwaikwayi shirin. Wannan hanyar gwaji ce ta sa aka ba Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer lambar Nobel ta tattalin arziki a 2019.

Ma'aikaciyar Karkara:
Malam, a nan ne zuciyata ba ta kwanta ba. Mu ne muke shiga gidajen da ake kira rukunin kwatanci, wato waɗanda ba su shiga shirin ba, mu zauna da uwar da ba ta da abin ba 'ya'yanta, mu ɗauki lokacinta muna tambayar sau nawa suka kwana da yunwa, sannan mu tashi mu tafi ba mu bar mata komai ba, mu kuma dawo bayan shekara mu maimaita. Ba na jin daidai ne a hana mabuƙaci taimako don kawai lissafi ya fita tsaf.

Malamin Ƙididdiga:
Damuwarki tana kan hanya, Hajiya, kuma inda ake cikin yunwa ko gudun hijira ba wanda ya isa ya ce a hana wani abinci saboda bincike. Amma a mafi yawan ayyukan raya ƙasa kuɗin da ke hannu bai kai yawan waɗanda suka cancanta ba, dole wasu su samu wasu su rasa ko da ba a yin wani bincike. A irin wannan hali ƙuri'a a bainar jama'a ta fi adalci a kan a bar zaɓi a hannun mai faɗa-a-ji, wanda sau da yawa nasa yake fara sawa. Kuma kamar yadda aka yi a Meksiko, ana iya tsara aiki zango-zango, waɗanda za su shiga daga baya su zama abin kwatanci na ɗan lokaci, a kuma faɗa musu gaskiya tun farko. Inda ƙuri'a ba ta yiwu ba, sai a auna gidajen shiri da maƙwabtansu masu kama da su, kafin aiki da bayansa, a kwatanta yadda kowane ɓangare ya sauya. Ba ta kai ƙuri'a ƙarfi ba, amma ta fi a auna gidajen shiri su kaɗai nesa ba kusa ba.

Ɗalibar Tattalin Arziki:
Malam da Hajiya, ku yi mini izini in sa baki, domin akwai abu biyu da nake ganin ba a taɓo ba. Na farko, duk maganarmu muna ɗaukar gida kamar mutum ɗaya ne, alhali a cikin gida ɗaya wani yana iya ƙoshi wani yana cikin rashi. Mai gidan da ake tambaya sau da yawa bai san ribar da matarsa ke samu a sana'arta ba, ita ma ba lallai ta san abin da ya kashe a waje ba. Shiri yana iya ƙara kuɗin gida ta hanyar ƙara wa mata aiki, ba tare da sun sami ikon cewa ga yadda za a kashe abin da aka samu ba. Shi ya sa ma'aunin ƙarfafa mata a aikin gona, wanda aka ƙaddamar a 2012, yake tambayar namiji daban mace daban a gida ɗaya, a kan shawarar abin da za a noma, mallakar kadara, iko da kuɗin shiga, shiga ƙungiya, da yadda lokacinsu ke tafiya. Ko ma'anar gida kanta sai an tsayar da ita tun farko, domin idan a binciken farko an ƙirga duk masu cin tukunya ɗaya, a na ƙarshe kuma aka haɗa da waɗanda suka tafi neman kuɗi, rabon kowane mutum zai sauya ba tare da wani abu ya faru ba.

Na biyu ya shafi rukunin kwatancin da Malam ya kawo. A yammacin Kenya an yi bincike a ƙauyuka 653 inda ƙungiyar GiveDirectly ta ba gidaje fiye da 10,500 kimanin dala 1,000 kowanne. An gano cewa gidajen da ba su karɓi komai ba su ma cinsu ya ƙaru, saboda waɗanda suka karɓa sun kashe kuɗin ne a hannun masu sana'a na kusa da su, har aka ƙiyasta cewa kowace dala ta haifar da hada-hadar kimanin dala biyu da rabi a yankin. Ke nan da an kwatanta mai karɓa da maƙwabcinsa kawai, da an rage wa shirin daraja, tunda maƙwabcin ma ya amfana.

Malamin Ƙididdiga:
Madalla da wannan gyara, 'yata. Maganinsa shi ne a yi ƙuri'ar a tsakanin ƙauyuka ko unguwanni, kada a yi ta tsakanin gidajen da ke katanga ɗaya, ko da yake hakan yana buƙatar wurare masu yawa, kuma kuɗin bincike yana ƙaruwa.

Tsohon Ma'aikaci:
'Ya'yana, na karanta bayananku duka, kuma abin da zan ƙara shi ne maganar lokaci, domin a ganina ita ce aka fi sakaci da ita. Akasarin bincike na ƙarshe ana yin sa ne a watannin da shiri ke rufewa, lokacin da ma'aikata suna nan, kayan da aka raba suna nan, mutane kuma suna da kyakkyawan zaton za a sabunta aikin. Wanda ke sa ran ƙarin tallafi yana iya rage abin da ya mallaka a bakinsa, wani kuma don kunya da godiya ya ce komai ya gyaru. Ba ƙarya ce ta mugunta ba, hali ne na ɗan Adam, kuma shi ya sa bai kamata ma'aikacin da ya raba kaya ya zama shi ne mai zuwa tambaya ba.

Ku dubi abin da ya faru a arewacin Yuganda. A 2008 gwamnati ta ba ƙungiyoyin matasa jari na kusan dala 400 ga kowane mutum don su koyi sana'a su sayi kayan aiki. Bayan shekara huɗu samunsu ya fi na waɗanda ba su karɓa ba da kashi 38 cikin ɗari. Da masu binciken suka koma bayan shekara tara, sai suka tarar waɗanda ba su karɓa ba sun kusa kamo masu jarin a samu, ko da yake masu jarin sun fi su kadarori kuma sun fi su zama a sana'ar hannu. Da an tsaya a shekara ta huɗu, da an ce shirin ya fitar da mutane daga talauci har abada. Da kuma shekara ta tara kaɗai aka gani, da an ce bai yi komai ba, a manta da shekarun da suka yi cikin wadatar da ba za su samu ba.

Haka kuma tsarin da ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ta fara a 2002, na ba matalauta tilis kadara da horo da ɗan tallafin abinci da ziyarar ma'aikaci a kai a kai. An gwada shi a Habasha da Gana da Honduras da Indiya da Pakistan da Peru, a gidaje fiye da 10,000, aka buga sakamakon a 2015. Abin da ya ba wannan bincike ƙarfi shi ne an sake aunawa shekara guda bayan an janye hannu, kuma an auna abubuwa da dama tare, ci da kadara da ajiya da wadatar abinci da kwanciyar hankali. A Honduras ne sakamakon ya yi rauni, domin kajin da aka raba cuta ta kashe da yawa daga cikinsu, kuma ba a ɓoye wannan ba. Rahoton da ke faɗin inda aka gaza na fi yarda da shi a inda ya ce an yi nasara.

Jami'in Sa Ido:
Baba, Allah Ya saka da alheri. To amma idan masu ba da kuɗi suka dage sai an nuna musu yawan gidajen da suka haye layin talauci, wato adadin kuɗin da wanda ke rayuwa a ƙasa da shi a rana ake ƙirga shi matalauci, fa?

Malamin Ƙididdiga:
Ka ba su, amma ka rubuta wane layi ka yi amfani da shi. Layin Bankin Duniya ya kasance dala 1.90 a rana daga 2015, ya koma 2.15 a 2022, sannan dala 3 a 2025, kuma ana lissafa shi ne da ƙarfin sayayyar kuɗi, ba da canjin kasuwa ba. Ka kuma cire hauhawar farashi kafin ka kwatanta shekara da shekara. Sannan ka nuna musu cewa ƙirga masu haye layi yana saka wa shirin da ya zaɓi waɗanda ke dab da layin, yana kuma tauye wanda ya ɗago gidan da ke can ƙasa zuwa rabin hanya, saboda haka a haɗa da nisan da ya rage wa kowane gida. Kana iya ƙarawa da ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa, wanda Jami'ar Oxford da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2010, mai alamomi goma a fannin lafiya da ilimi da yanayin zama. Sai dai ka sani cewa abubuwa irin su shekarun karatu da ginin ɗaki ba sa sauyawa da sauri, don haka shirin shekara biyu ba zai motsa su sosai ba.

Ma'aikaciyar Karkara:
Ni kuma roƙona gare ka, ƙanena, shi ne ka yi binciken ƙarshe a daidai watan da aka yi na farko, domin wanda ya auna na farko a lokacin ƙarancin abinci ya auna na ƙarshe bayan girbi, girbi ya auna ba shirinsa ba. Ka bi sawun gidajen da suka tashi, kada ka share su daga lissafi, saboda sau da yawa waɗanda abin ya fi tsananta wa ne suke tashi, kuma idan suka fita daga takarda matsakaicin sauran sai ya yi kyau. Bayan an gama lissafi kuma a koma wa mutanen da sakamakon, a karanta musu a tambaye su ko haka suke ganin rayuwarsu, domin su ne za su gaya maka dalilin da ya sa wani gida ya riƙe dabbarsa wani ya sayar.

Jami'in Sa Ido:
Na gode, Hajiya. Abin da ya rage mini yanzu shi ne yadda zan shawo kan masu ba da kuɗi su ware kason bincike na shekara guda bayan rufe shiri, tunda yawancin yarjejeniyoyi ba sa barin a kashe komai bayan ranar rufewa. Idan akwai wanda ya taɓa tsara irin wannan sharaɗi a cikin takardar neman tallafi, ina roƙon ya nuna mana yadda aka rubuta shi da kuma wanda ya riƙe kuɗin har lokacin binciken ya yi.